Teburin Ƙorafi

A bene na uku, kusa da injin kwafi,
akwai teburi mai gurguwar ƙafa. Nawa ne.
Ni ce kunnen gidan talabijin ɗin nan,
don cikin ma'aikata saba'in ni kaɗai ke jin Hausa.

Tun da aka ɗage labaranmu
daga bayan isha zuwa tsakar dare,
aka cike gurbin da cacar ƙwallo
da wani mai maganin basir da ba ya tsayawa numfashi,
wayata ba ta huce ba.

Daga Nima, daga Mamobi, daga Sabon Zango,
har wata tsohuwa a Madina
da jikanta ya danna mata lambar:
"'Yar nan, da wa zan ji duniya a wannan lokaci? Da aljanu?"
Na rubuta, na juya shi Turanci.
Aljanun ba su haye ba, a hanya suka zube.

Ran Talata manya ke zama.
Mista Amartey ya ɗaga tulin takardun,
ya jinjina su a tafin hannu
kamar mai tayin doya a Agbogbloshie,
ya ce, "To, ashe ana kallonmu."
Aka yi dariya, aka kawo shayi.
Mai kula da kuɗi ta ce ƙorafi ba ya sayen talla.
Aka ba ni amsa guda, layi uku,
in raba wa mutum ɗari biyu da sha ɗaya:
mun gode, ra'ayinku na da daraja a wurinmu,
muna dubawa.

Muna dubawa.
Wata huɗu, ido bai gaji ba.

Cikin tulin akwai wasiƙa da ajami,
tawada ta ɗan ɗiga kan wani wasali.
Na san hannun.
Shi ya koya mini riƙe alƙalami.
Malam Ɗantani, babana, wanda muke kwana gida ɗaya,
bai ba ni ita a tsakar gida ba.
Ya hau tirotiro har gidan waya,
wai ƙara tana da hanyarta, ba a tsallaka katanga.
Shi ma layi ukun na aika masa.
Da yawuna na liƙa kan sarkin.

Sai wata Alhamis, ana ruwa,
waya ta yi ƙara a ofishin sama, ba tawa ba.
Mai kamfanin shinkafa ne, wanda buhunsa ke rawa a allonmu
sau tara a yini.
Gyatumarsa, in ji shi, ba ta iya hira har sha biyu.
Minti biyu ba su cika ba aka ajiye.

Ran Litinin labarai suka dawo takwas.
Mista Amartey ya fito da sabon laƙataye,
ya dafa ƙirji: "Mun saurari jama'armu."
Ni na fassara masa.
Ban ƙara ba, ban rage ba.

A daren, Baba ya fito da akwatin ƙofar gida,
ya ja waya ta taga, ya shimfiɗa tabarma biyu.
Aka sayo tsire, aka kira maƙwabta,
har mai gyaran rediyon da ba sa ga maciji.
Layi ukun nan yana aljihun gaba, an ninke su huɗu,
duk wanda ya zauna sai an nuna masa.
"Kun ce takarda ta mutu," in ji shi. "To ga ta."

Da aka watse, ina naɗe tabarma,
ya rage murya:
"Lantana, tsakaninki da Allah,
shi babban, da kansa ya karanta?"

Fanka na juyawa. Kwata na gudu a bayan gida.
Na ce, "Baba, na gani da idona,
ya riƙe ta a hannunsa."